Curin Taurarin Da Ya Girmi Duniya Yana Fitowa Kudu Da Shango

A cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai intaha a Minna, mutanen Shango ba su cika shiga ɗaki da wuri ba. Bayan sallar lisha sai a fito da tabarmi ƙofar gida, manya suna hira, yara suna guje-guje, manyan motoci masu nufar Paiko da Suleja suna wucewa a kan titi. In kuwa aka ɗauke wuta a irin wannan dare, to, kafin masu janareta su ta da injunansu akwai 'yan mintoci kaɗan waɗanda sama kan koma yadda kakannin Gwari da Nufawa da Hausawa suka san ta.

Wanda ya ɗaga kai wajen ƙarfe takwas zai ga Kaza da 'ya'yanta ta yi ƙasa can yamma tana shirin faɗuwa. Ita kam kowa ya san ta, tun daga manomi har makiyayi. Amma a daidai wannan lokaci akwai wani abu da ke fitowa ta kudu maso gabas wanda ba kowa ke kula da shi ba, wani ɗan fari-fari, kamar tauraron da aka goga da yatsa ya dushe. In dare ya raba zai kai iyakar tashinsa, ya tsaya kudu sosai. Masana suna kiransa Omega Centauri. Ba tauraro ɗaya ba ne, taurari ne wajen miliyan 10 a cure wuri ɗaya kamar curin fura, kuma mafi yawansu sun girmi rana da wannan duniya fiye da ninki biyu.

Abin da ya sa labarinsa ya shafi mutanen ƙasar nan shi ne, mutumin Landan ko na Balin ba ya ganinsa ko da ya kwana a waje shekara guda, don ba ya fitowa a samansu sam. Amma Minna tana kusa da tsakiyar duniya, darajar nisanta daga layin da ya raba duniya biyu ba ta kai 10 ba, saboda haka wannan curi kan hau sama har daraja 33 daga doron ƙasa. Abin da masanan Turai suka riƙa shiga jirgin ruwa watanni domin su gani, ga shi yana ratsa bayan gidan kowa a Shango kyauta.

KAZA YARINYA CE

Domin a gane bambancinsa sai a fara da Kaza, wadda malamai ke kira Surayya. Ido yana ganin taurari shida ko bakwai a cikinta, amma madubin hangen nesa ya nuna sun fi 1,000. Nisanta shekarar haske 440 ne ko kusa da haka. Shekarar haske kuwa awon nisa ne, watau tazarar da haske ke ci cikin shekara guda, shi da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wanda kan taso daga rana ya iso nan cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi.

Duk da tsufan sunanta a bakin mutane, Kaza yarinya ce a cikin taurari. Shekarunta ba su wuce miliyan 100 da 'yan kai ba, alhali rana ta yi shekara biliyan 4.6, watau miliyan dubu huɗu da ɗari shida. Haka kuma 'ya'yan nata a sake suke, ƙarfin janyowar da ke tsakaninsu bai isa ya riƙe su har abada ba. Masana sun ƙiyasta nan da shekara miliyan 250 za su watse, kowa ya kama gabansa.

Shi kuwa curi irin na Omega wani abu ne dabam. Nisansa shekarar haske 17,000 ne, watau ya ninka nisan Kaza kusan sau arba'in, amma duk da haka ido yana kama shi. Faɗinsa shekarar haske 150, nauyinsa kamar a haɗa rana miliyan 4. A wurin da babu hasken lantarki, filin da yake ci a sama ya kai na wata ɗan daren goma sha huɗu. Irinsa da aka sani a cikin babban birnin taurarin da rana take ciki, wanda Turawa ke kira Hanyar Madara, sun ɗan haura 150, kuma Omega ne babbansu. Birnin Andromeda da ke maƙwabtaka yana da ɗaruruwa, wani ƙaton birni da ake kira M87 kuwa yana da fiye da 10,000.

AN DAƊE ANA YI MASA KALLON TAURARO

Batalimusa, masanin nan na Iskandariya a ƙasar Masar, ya sa shi cikin jerin taurarinsa wajen shekara ta 150 bayan haihuwar Annabi Isa, yana zaton tauraro ne kamar saura. Haka wani Bajamushe, Johann Bayer, ya ɗauka a cikin 1603 da ya laƙaba masa harafin Omega. Sai a cikin 1677 Edmond Halley na Ingila ya tafi tsibirin Saint Helena a tekun Atilantika, ya duba shi da madubi, ya ga ashe ba ɗigo ba ne, wani abu ne kamar hazo. James Dunlop ne ya bayyana shi a matsayin curin taurari daga Ostareliya a cikin 1826.

Kafin nan an riga an yi ta tsintar 'yan'uwansa. Abraham Ihle ya ga M22 a cikin 1665, Halley ya ga M13 a cikin 1714, sa'an nan Charles Messier na Faransa ya rarrabe taurari ɗai-ɗai a cikin M4 a cikin 1764. Harafin M ɗin nan da ke gaban lambobinsu daga sunansa aka ɗauko. William Herschel, wanda madubinsa ya fi na kowa girma a zamaninsa, shi ya ba su sunan da ke nufin curi a cikin 1789.

Amma babban aikin da suka yi wa ɗan Adam sai a cikin 1918. A lokacin nan masana da yawa sun ɗauka rana tana tsakiyar birnin taurari ne ko kusa da tsakiya. Wani saurayi Ba'amurke, Harlow Shapley, da ke aiki a dutsen Wilson a Kalifoniya, ya auna nisan curi da dama, sai ya lura ba su bazu ko'ina daidai ba, sun yi cincirindo a gefe ɗaya na sama, wajen burujin Ƙausu, watau Baka. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mutumin da ya tsaya tsakiyar Minna da dare zai ga fitilu sun kewaye shi ta kowace fuska. Wanda ya tsaya bayan Chanchaga kuwa zai ga hasken gari ya taru a gefe guda, kuma ko ba a faɗa masa ba ya san yana bayan gari. Shapley ya ce rana a bayan gari take. Ya zarce a lissafin nisan, domin bai san ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haskensu ba, kamar yadda hazon hunturu ke sa fitila ta kusa ta zama kamar ta nesa. Awon yau ya nuna tsakiyar birnin tana nisan shekarar haske 26,000. Amma a kan ainihin maganar, gaskiya tana wajensa.

ZAMA A CIKIN CURI

Tauraron da ya fi kusa da rana yana nisan shekarar haske huɗu da ɗan ɗori. A tsakiyar Omega kuwa tazarar da ke tsakanin tauraro da maƙwabcinsa kamar kashi ɗaya cikin goma ne na shekarar haske. Da a ce akwai wata duniya a can, da mutanenta ba su san duhun dare irin na nan ba, don dubban taurari masu haske ƙwarai za su cika musu sama.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana su rugujewa su haɗe su zama abu ɗaya, tun da kowane yana jan kowane? Abin da ya hana shi ne gudu. Kowane tauraro yana kewaya tsakiyar curin ta tasa hanyar, wani ya yi dogon zango ya dawo, wani ya tsaya kusa, kamar ƙudan zuma a bakin amya. Janyowa tana so ta matse su, gudu yana so ya watsa su, a tsakanin waɗannan biyu ne curi ke zaune shekara biliyoyi. Karo na gaba da gaba ba safai yake faruwa ba, domin duk cunkoson nan girman tauraro ba kome ba ne in an gwada da filin da ke kewaye da shi.

Abin da ke faruwa kullum shi ne gilmayya. In taurari biyu suka wuce kusa da juna, kowane kan ɗan karkatar da ɗan'uwansa, su yi musayar gudu. Sau ɗaya ba ya nuna kome, amma in aka yi haka sau miliyoyi sai sakamako ya fito: mai nauyi yakan yi asarar gudu ya nitse tsakiya, marar nauyi yakan sami ƙari ya yi waje. Masu wanke zinariya a rafukan kewayen Minna sun san wannan aiki da hannunsu. In aka juya kwano cikin ruwa, zinariya kan kwanta a gindi, yashi ya tashi ya zube ta baki. Bambanci kawai, nasu kwanon minti kaɗan yake bukata, na sama kuwa ɗaruruwan miliyoyin shekaru ko fiye. A cikin 2006 masana suka ba da sanarwar sun auna wannan rarrabewa da madubin Hubble a cikin curin 47 Tucanae, suka ga masu nauyi sun fi tafiya a hankali kamar yadda lissafi ya ce. Shi Omega saboda girmansa har yanzu bai gama wannan tacewa ba.

Yashin da ya zube ta baki ba ya dawowa. Lokaci lokaci wani ƙaramin tauraro kan sami gudun da ya fi ƙarfin janyowar curin, ya fice ke nan. Viktor Ambartsumian na Armeniya a cikin 1938, da Lyman Spitzer na Amurka a cikin 1940, su suka fara lissafa wannan yoyo. To, a nan ne wani abin mamaki yake. Duk wanda ya fice ya tafi da wani kaso na kuzarin curin, saboda haka tsakiya sai ta ƙara matsewa. In ta matse kuwa, maimakon taurarinta su lafa, sai gudunsu ya ƙaru, gilmayya ta yawaita, a ƙara korar wasu, tsakiya ta ƙara matsewa. Abu ne mai ciyar da kansa. Michel Hénon na Faransa ya nuna haka a cikin 1961, Donald Lynden-Bell da Roger Wood na Ingila suka yi masa cikakken bayani a cikin 1968. Ana kiransa ruftawar tsakiya, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na curin da ke cikin Hanyar Madara sun riga sun shiga wannan hali. M15, wanda ake gani da madubi a farkon dare lokacin kaka, yana cikinsu.

Ruftawar ba ta kai wa ƙarshe, akwai mai taka mata birki. Taurari da yawa tagwaye ne, biyu suna kewaya juna. In na uku ya gilma kusa da irin waɗannan tagwaye masu matse da juna, yawanci sukan wurga shi da gudun da ya fi wanda ya zo da shi, su kuwa su ƙara matsowa kusa. Douglas Heggie ya tabbatar da wannan ƙa'ida a cikin 1975. Ta haka 'yan tagwaye kaɗan kan zama kamar zugazugin maƙeri a tsakiyar curi, suna hura wa saura kuzari, su hana shi rufewa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da cewa baƙaƙen ramuka, watau gawarwakin manyan taurarin da suka mutu tun farko, waɗanda ko haske ba ya kuɓuta daga janyowarsu, su ma suna yin wannan aiki.

Cunkoson yana haifar da waɗansu baƙin halittu. A cikin 1953 Allan Sandage ya ga waɗansu taurari shuɗɗa masu zafi a cikin M3 waɗanda bisa ga lissafi ya kamata a ce sun mutu tuntuni. Daga baya aka gane tsofaffi ne da suka koma samari, ko dai ta hanyar haɗewar taurari biyu, ko kuwa ɗaya ya tsotse abokin tagwaitakarsa.

Ban da yoyon cikin gida akwai ɓarnar waje. Curi yana kewaya tsakiyar Hanyar Madara, kuma duk sa'ad da ya ratsa wurin da taurari suka yi kauri sai janyowar birnin ta yage masa gefe. A cikin 2001 aka gano wani curi mai suna Palomar 5 yana jan wutsiya biyu na taurarin da suka zube, ɗaya gaba ɗaya baya, tsawonsu ya ninka faɗinsa nesa ba kusa ba. Wannan yana kan hanyar ƙarewa. Masana da yawa suna ganin ɗari da hamsin ɗin nan da ake gani yau ragowa ne, waɗanda suka narke sun bar taurarinsu a warwatse.

DA YA KUSA GIRMAR UBANSA

Yadda ake sanin shekarunsu ba shi da wuyar fahimta. A ɗauka an kunna fitilun a-ci-bal-bal dubu a lokaci ɗaya, waɗansu da babban lagwani, waɗansu da ƙarami. Masu babban lagwani sun fi haske, amma su za su riga shanye mai. Wanda ya zo daga baya, in ya duba girman lagwanin da ke mutuwa a lokacin, zai iya faɗin tsawon daren da ya wuce. Haka taurari suke. Mai nauyi ƙwarai yakan ƙone cikin 'yan miliyoyin shekaru, irin rana kuwa yakan kai biliyan 10. A cikin tsofaffin curi duk masu nauyin rana sun riga sun gama, waɗanda ke kan layi yanzu su ne masu kamar kashi takwas cikin goma na nauyinta. Wannan ya nuna shekara biliyan 12 zuwa 13.

Akwai shaida ta biyu. Da fari babu kome a sararin sai iskar haidirojin da hiliyam. Ƙarfe da sauran ma'adinai, har da zinariyar da ake wankewa a rafi, a cikin taurari da mutuwarsu aka ƙera su daga baya. Taurarin curi kuwa matalauta ne ta wannan fanni, waɗansu ƙarfen da ke jikinsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da rana take da shi ba, alamar an haife su tun kafin arzikin ya yawaita.

Wannan lissafi ya taɓa jefa masana cikin tsaka mai wuya. A farkon shekarun 1990 awon curi yana ba da shekara biliyan 15 ko fiye, alhali awon faɗaɗar sararin sama gaba ɗaya yana ba da abin da bai kai haka ba. Watau ɗa ya girmi ubansa. Ba wanda ya yi ƙarya, awo ne bai cika ba. A cikin 1997 sakamakon kumbon Hipparcos na Turai ya nuna curin sun fi nisa da yadda ake zato, saboda haka taurarinsu sun fi haske, shekarunsu suka ragu. A cikin 1998 kuma aka gano faɗaɗar sararin ƙara sauri take yi, abin da ya ƙara wa uban shekaru. Yau an tsaya a kan biliyan 13.8, 'ya'yan kuwa suna biye da shi kaɗan.

Wani tsohon zato da ya faɗi shi ne cewa taurarin curi duk sa'o'in juna ne, haihuwar lokaci ɗaya daga gajimare ɗaya. Haka aka koyar shekaru da yawa. Amma madubin Hubble ya nuna jeri biyu a cikin Omega a 2004, ya nuna jeri uku a cikin NGC 2808 a 2007, yanzu kuwa an san kusan kowane babban curi yana da iri fiye da ɗaya, masu bambancin sinadari. Yadda haka ta faru ana nan ana muhawara a kai. Game da Omega dai, bambancin ƙarfen da ke tsakanin taurarinsa ya yi yawa har masana da dama suna ganin asalinsa ba curi ba ne, ƙwallon wani ƙaramin birnin taurari ne wanda Hanyar Madara ta haɗiye, ta cinye naman ta bar ƙwallon. Irin wannan haɗiya tana gudana ko yanzu: a cikin 1994 aka gano wani ƙaramin birni a burujin Ƙausu da ake cikin yayyagawa, kuma curin M54 nasa ne.

A watan Yuli na 2024 wata ƙungiya a ƙarƙashin Maximilian Häberle na cibiyar Max Planck da ke Heidelberg a Jamus ta ƙara wa wannan zato ƙarfi. Sun bi hotunan Hubble fiye da 500 da aka ɗauka cikin shekara 20, suka sami taurari bakwai a tsakiyar Omega suna gudun da ya isa su fice, amma ba su fice ba. Suka ce abin da ke riƙe da su baƙin rami ne mai nauyin rana 8,200 a ƙalla. Waɗansu masana ba su gamsu ba, suna ganin tarin ƙananan ramuka ne ba babba ɗaya ba. A wannan shekara kuma madubin James Webb ya hango jarirai biyar na irin waɗannan curi a wani birni mai nisa, yadda suke sa'ad da sararin bai wuce shekara miliyan 460 ba.

HANNUN AFIRKA A CIKIN AIKIN

Ilmin taurari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a cikin 1741, ya shahara da lissafi da sanin falaki har a wajen malaman Masar. Har gobe akwai tsofaffin manoma da ke lissafin damina da manzilolin taurari, su san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ja baya.

A ilmin zamani kuwa akwai Farfesa Samuel Okoye, wanda ya koyar a Jami'ar Nsukka, ya rasu a cikin 2009. Yana ɗalibi a Kambirij, shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da labari a cikin 1965 na wani ɗan ƙaramin abu mai fitar da igiyar rediyo da ƙarfi a tsakiyar gajimaren Ƙaguwa. Daga baya ta bayyana fulsa ce, watau gawar tauraro wadda faɗinta wajen kilomita 20 ne, tana juyawa tana wurga haske kamar fitilar motar 'yan sanda. To, ashe curin taurari su ne matattarar masu saurin juyawa daga cikinsu, saboda cunkoso yana haɗa gawar da sabon aboki, ta riƙa tsotsarsa har juyawarta ta kai sau ɗaruruwa a daƙiƙa. An sami ta farko a curin M28 a cikin 1987, yanzu an san fiye da 300. Na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faranti 64, wadda aka buɗe a cikin 2018, tana kan gaba a wannan farauta. A cikin 2023 aka ba da sanarwar ta gano sababbi 13 a cikin Omega kaɗai. Babban madubin SALT na ƙasar kuma, da ya fara aiki a cikin 2005, curin 47 Tucanae yana cikin abubuwan farko da ya ɗauki hotonsu. Gana ma ta mai da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na duban sama a cikin 2017.

Nijeriya tana da hukumar sararin sama tun 1999, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, Minna kuma tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983. Amma abin takaici, ɗalibi yakan haddace sunayen duniyoyin da ke kewaya rana ya ci jarrabawa ba tare da an taɓa fita da shi waje an nuna masa ko ɗaya ba. A unguwa irin Shango, wadda aka san ta da horar da malaman makaranta, wannan gyara ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Tabarau mai hangen nesa irin na maharba ya isa ya nuna Omega a matsayin ƙwallon haske, ya nuna M4 dab da jan tauraron nan Ƙalbul Aƙrabi, watau Zuciyar Kunama, a dararen damina, ya nuna M13 ta arewa, curin da aka aika wa saƙon rediyo daga Arecibo ran 16 ga Nuwamba 1974, saƙon da zai yi fiye da shekara 20,000 a hanya.

Abin da ke neman ƙwacewa shi ne duhun kansa. Wani bincike da aka buga a cikin 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Hanyar Madara daga inda suke zaune saboda hasken fitilu, wani kuma na 2023 ya nuna hasken saman dare yana ƙaruwa kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Ba mai hankalin da zai yi wa Jihar Neja fatan zama a duhu, ita da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Jama'a suna bukatar wuta domin sana'a da tsaro da karatu. Sai dai fitilar da ke haska sama ba ta kori ɓarawo ba, ɓarnar lantarki kawai ta yi. In aka yi mata hula ta dubi ƙasa, titi zai fi haske, sama kuma ta tsira.

GA MAI SON GANI

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Afrilu zuwa Yuni, a daren da babu farin wata, musamman bayan ruwan farko ya wanke ƙurar bazara kuma hadari ya waye. Sai a nemi fili inda gini ko itace bai tare kudu ba, a juya wa fitilun gari baya, a bar ido ya saba da duhu kamar minti ashirin, ba tare da duban waya ba.

Jagora shi ne Simaku, farin tauraro mai haske wanda Turawa ke kira Spica, domin shi da Omega lokaci ɗaya suke kai iyakar tashinsu. A tsakiyar Afrilu wannan yana faruwa wajen sha biyu da rabi na dare, a tsakiyar Mayu wajen goma da rabi, a tsakiyar Yuni wajen takwas da rabi. In Simaku ya tsaya can sama ta kudu, sai a sauko da ido daga gare shi kai tsaye. A miƙa hannu a dunƙule shi, a jera dunƙule uku daga doron ƙasa zuwa sama, ɗan sama da na uku nan Omega yake. In ido ya kasa kama shi, a ɗan kauce da kallo gefe kaɗan, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa ganin abu mai rauni. Ƙasa da shi ta hannun dama akwai taurari huɗu masu siffar gicciye, ta hannun hagu kuma manya biyu, wanda ya fi haske a cikinsu shi ne Alpha Centauri, maƙwabcin rana mafi kusa da ido ke iya gani.

Daga watan Satumba Omega kan ɓace cikin hasken almuru. Sai Disamba yake sake bayyana, ƙasa-ƙasa ta kudu maso gabas, ga masu fita sallar asuba, in hazon hunturu ya ba da hali.